Ba kowane kumburin saifa ne zazzaɓin sauro ba

A kasuwannin Bawku da Yendi da Salaga, in mutum ya rame, idonsa ya yi fari, gefen cikinsa na hagu ya kumbura, mukan ce zazzaɓi ne ya sha jininsa. Sai a sayo masa maganin maleriya da kwalbar ƙarin jini. Sau da yawa hakan ne. Amma wani bincike da aka yi a asibitin Komfo Anokye na Kumasi, aka buga a 2002, ya nuna cewa bayan maleriya, dajin jini ma yana cikin manyan masu kumbura saifa.

A dangin dajin jini akwai wata cuta da likitoci ke kira mayelofaiburosis, wato ɓargo ya zama tabo. Ta fi kama waɗanda suka haura shekara 50, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

Ga yadda take. A cikin ɓargon ƙashi ake yin jini. Can akwai wasu manyan ƙwayoyi masu haifar da abin da ke tsayar da jini in an ji ciwo. In cutar ta kama, sai su yi yawa, su riƙa zubo wani sinadari mai suna TGF-beta. Sinadarin yakan fito a ɗaure, kamar dilar atamfa, sai an kwance shi yake aiki. Aikinsa shi ne ya sa jiki ya ɗinke rauni. A nan kuwa babu rauni, amma ɗinki bai tsaya ba, har zaren tabo ya cika ɓargo. Sai saifa ta karɓi aikin yin jini, ta kumbura ta danne ciki, mutum ya ci loma kaɗan ya ƙoshi.

A 2005 masana suka gano sauyin ƙwayar halitta ta JAK2, wanda ke jikin kusan rabin masu cutar ko fiye. A 2011 Amurka ta amince da maganin ruxolitinib, mai rage kumburin saifa. Warkewa kuwa sai da dashen ɓargo.

Don haka 'yan'uwa 'yan kasuwa, in an sha maganin maleriya saifa ba ta sauka ba, kada a kai wa wanzami ya yi tsaga. A je asibiti a nemi cikakken gwajin jini, in ta kama a nemi takardar zuwa babban asibitin koyarwa na Tamale. Kwana ɗaya da rumfa a rufe bai kai ran mai ita ba. Allah ya ba mu lafiya.