YADDA A KE ƊAUKAR KIFI DA RAI ZUWA NESA

Kiwon kifi ya daɗe da zama sana'a a ƙasar nan, tun sa'ad da aka kafa gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato cikin 1951. Yanzu birni da ƙauye a kan iske mutum ya haƙa kududdufi, ko ya gina tanki na siminti, ya zuba tarwaɗa ko karfasa. Waɗansu kuma kifin ado su ke ajiyewa cikin akwatin gilashi a ofis ko a gida, tare da ƙananan jatan lande masu launi. Har akwai 'yan kasuwa a Ikko masu aika kifin ado na kogunan Nijeriya zuwa Turai da Amurka ta jirgin sama.

To, duk mutanen nan wahalarsu ɗaya ce, watau ɗaukar kifin daga inda aka saya zuwa inda za a ajiye shi. Mutum ya kan biya kuɗinsa, ya yini a mota, ya zo ya kwance leda ya tarar rabi sun juya ciki sama. Sai ya ce an cuce shi, ko kuwa ya ce ruwa ne ya yi kaɗan. Alhali sau da yawa ba haka ba ne. Abu uku ke kashe kifi a hanya: ƙarancin iska, da ƙazantar da shi kansa ya ke fitarwa, da zafi.

A BA ISKA WURI

Kifi ba ruwa ya ke shaƙa ba. Iskar da ta narke cikin ruwa ya ke tacewa ta wurin jan naman nan da ke gefen kansa. Sunan wannan iska oksijin. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, oksijin da ke cikin lita guda ta iska ya ninka wanda ke cikin lita guda ta ruwa wajen sau 30. Saboda haka wanda ya cika leda maƙil da ruwa, yana tsammani ya kyauta wa kifi, ya toshe masa numfashi ne.

Ƙa'idar ita ce a kasa leda kashi 3. Kashi 1 ruwa, kashi 2 iska. In tafiyar ba ta wuce awa biyu ko uku ba, kifin kuma ba su da yawa, iskar sarari ta isa: a buɗe bakin leda sosai, a cafke shi da sauri, a murɗe. Kada a hura da baki, gama iskar da ke fitowa daga ƙirjin mutum an riga an ci amfaninta. In tafiya mai nisa ce, kamar daga Ibadan zuwa Kano, sai a matse iskar da ke ciki ta fita, a ɗura oksijin zalla daga tukunyarsa, irin wanda masu walda ke aiki da shi. Amma fa a nisanta tukunyar daga wuta da mai, domin oksijin yana ƙara wa wuta ƙarfi. Wannan dabara ta leda da oksijin cikin shekarun 1950 ta bazu. Kafin nan cikin manyan gwangwanaye a ke jigilar kifi, ga nauyi, ga hasara.

Tarwaɗa ta sha bamban, don tana da abin shaƙar iskar sarari a cikin kanta. Shi ya sa a kan ɗauki 'ya'yanta cikin jarka wadda aka yanke samanta. Sai dai a bar mata sarari a bisa ruwan, kada kuma a taɓa yin amfani da jarkar da ta ɗauki fetur, ko kananzir, ko maganin ƙwari.

A HANA SU ABINCI

Waɗansu don tausayi su kan ciyad da kifi su ƙoshi kafin a tashi. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Kifin da ya ƙoshi ya fi cin iska, ya kan yi kashi, wani lokaci har ya amayar da abincin cikin leda. Daga jikinsa da kashin nan wani dafi ke fitowa wanda a ke kira amoniya, shi ke ƙona wurin numfashinsa. Lalle ne a hana kifi abinci kwana 1 ko 2 kafin tafiya. Yunwar kwana biyu ba ta kashe lafiyayyen kifi.

Ruwan da za a zuba ya zama mai tsabta, irin wanda kifin su ka saba da shi. In na famfo ne, a tara shi a bar shi ya kwana a buɗe, don maganin da a ke sa masa yana kashe kifi. Kada a haɗa manya da ƙanana, musamman tarwaɗa, gama babba ya kan haɗiye ƙaninsa. Wanda ke da rauni ko ya yi laushi, a ware shi. Kifi ɗaya in ya mutu cikin leda ya isa ya ɓata ruwan sauran.

Game da yawan da za a zuba kuwa, ya danganta ga girmansu da nisan hanya. Mai hankali ya kan gwada tukuna: ya ɗaure leda guda, ya ajiye ta a gida daidai awoyin da tafiyar za ta ci, ya ga yadda su ka yi. In sun taru a sama suna buɗe baki, sun yi yawa.

ƊAURI

A sa leda biyu masu kauri, ɗaya cikin ɗaya. A ɗaure kusurwoyin ƙasa da roba, don ƙananan kifi su kan maƙale a lungu su mutu. In kifin mai ƙaya ne, a sa takardar jarida tsakanin ledojin. A murɗe baki, a lanƙwasa shi, a ɗaure da robar ɗaure kuɗi biyu ko uku.

Jatan lande yana da tasa bukata. Shi ba ya son yawo cikin ruwa, abin kamawa ya ke so. In babu, girgizar mota ta yi ta buga shi har ya galabaita. Sai a jefa masa ɗan guntun raga mai tsabta ko ciyawar ruwa. Ba a haɗa shi leda ɗaya da kifi, ba a kuma sa masa maganin kifi mai tagulla a ciki, gama tagulla guba ce gare shi.

A HANYA

Ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinsa ta kan ragu, kifi kuma a lokacin ne ya fi bukatarta. Saboda haka a tashi da asuba ko da dare, musamman cikin watan Maris da Afrilu. A jera ledoji a kwance cikin kula ko kwali, a rufe su yi duhu, don duhu yana kwantad da kifi. In ana zafi ƙwarai, a naɗe ƙanƙara cikin jarida a sa a gefe, ba cikin ruwan ba. Da hunturu kuwa, a lulluɓe akwatin da bargo. Kada a ɗora shi bisa rufin mota ko kusa da inji.

SA'AD DA AKA ISA

A nan ne mutane da yawa su ke hasara bayan sun sha wahalar hanya. Kada a kwance leda a juye nan take. A aza ta a ɗaure bisa ruwan kududdufi, a inuwa, minti 15 zuwa 20, har ɗumin ruwan ciki da na waje ya zo daidai.

In gajeriyar tafiya aka yi, sai a kwance, a riƙa ƙara ruwan kududdufi kaɗan kaɗan, sa'an nan a sake su. In kuwa sun kwana cikin leda, kada a bar su a ciki bayan an buɗe. Ga dalili: iskar da kifi ke fitarwa ta kan sa ruwan ya yi ɗan tsami, tsamin nan kuwa shi ke danne dafin amoniya. Da an buɗe baki, iskar ta fice, dafin sai ya farka. Don haka a kwashe su da raga maza, a zubad da ruwan ledar a waje. Jatan lande ne kaɗai a kan yi wa sannu sannu, a riƙa ɗiga masa sabon ruwa misalin awa guda, don ƙazantarsa kaɗan ce, canjin ruwa farat ɗaya kuwa yana kashe shi.

Ranar da su ka iso kada a ba su abinci, sai kashegari. In da hali a ware baƙin kifi mako 2 kafin a gama su da na gida, don kada su kawo cuta. Wanda bai taɓa yin wannan aiki ba, ya nemi malamin kifi na ma'aikatar gona ya nuna masa ɗauri sau ɗaya kafin ya zuba jarinsa. Allah ya ba da sa'a.