Fentin Mota Ma Yana Son Mai

Duk uwar da ta raini yaro a Kano ta san dokar hunturu: ba a shafa mai a jikin da bai ga ruwa ba. Sai an yi wanka, an cuɗe kaushi, an tsane jiki, sannan a lakato man kaɗanya ɗan kaɗan, a murza a tafin hannu ya narke, a bi gaɓoɓi da shi. Wadda ta yi gaggawa ta laɓta wa yaro mai a kan dauɗa, kafin azahar zai dawo daga wasa ƙura ta manne masa ko'ina. Haka abin yake ga kakin goge mota, sai dai masu mota da yawa ba su riƙe dokar ba.

Shiga Kasuwar Sabon Gari, wadda hukuma ke kira Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi, ko ka bi shagunan kayan mota na France Road, za ka tarar da gwangwanaye da robobi jere: Formula 1, Turtle Wax da ire-irensu, da yawa ɗauke da kalmar carnauba. Mai saye yakan ce, "Oga, ba ni man da zai sa motata ƙyalli." A miƙo masa, ya biya, ya tafi. A nan ake fara kuskure, domin abu biyu ne ke zaune a kanta ɗaya. Akwai folish, mai ɗan kaifi, wanda yake kankare saman fenti don ya gusar da dusashewa da ƙananan ƙarce. Akwai kuma kaki, wanda ba ya kankare komai, rufi kawai yake yi. Folish shi ne dutsen goge kaushi, kaki shi ne man shafawa. Mai goge ƙafa da dutse kullum zai ga jini, mai yi wa mota folish duk mako kuma zai cinye siririn rufin nan mai sheƙi da kamfani ya fesa a kan launi.

Shi kakin carnauba daga ganyen wata bishiya ake samunsa, 'yar dangin giginya da goriba, mai fitowa a arewa maso gabashin Brazil, musamman jihohin Piauí da Ceará. Yanki ne mai fari da zafin rana, kuma bishiyar tana lulluɓe ganyenta da kakin ne don kada ruwan jikinta ya ƙone. Da rani ake sare ganyen, a shanya, a kaɗe garin da ke jikinsa, a narka, a tace. Na ɗanyen toho ya fi haske da tsada. Ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 82, shi ya sa yake iya zama a kan bonet a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura 40 a inuwa, baƙar mota kuwa ba ta taɓuwa.

Tsantsarsa tauri gare shi, ba ya shafuwa sai an sassauta shi da mai da sinadarai. Don haka in ka ga an rubuta 100% a jikin gwangwani, ana nufin kakin da ke ciki na carnauba ne, ba wai shi kaɗai ne a gwangwanin ba. Ka duba murfi ko an taɓa buɗe shi, ka ƙi wanda ya bushe ya tsattsage. Na ruwa ya fi sauƙin shafawa, daskararre ya fi auki. In fentinka ya ɗan dusashe, nemi wanda aka haɗa da abin tsaftacewa. In kuwa saman ya riga ya fara ɓarewa, kamar yadda ake gani a rufin tsofaffin motocin Beljiyam, kada ka ɓata kuɗinka. Mai ba ya ɗinke faso, wannan aikin mai fenti ne.

Abin da ya fi damuna shi ne wankin. Yaro ya zo da bokiti ɗaya da Omo da tsumman da ya goge taya da shi, ya bi jikin mota yana dirza. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a Chadi, gari ce mai kaifi, kuma duk busasshen tsumman da aka ja a kanta zane yake bari. Sabulun wanki kuma yana wanke kakin da ka sha wahalar shafawa. A fara kwarara ruwa ƙurar ta sauka, a wanke da sabulun mota da soso mai laushi, a tsane sarai.

Sannan a nemi inuwa, da sassafe ko bayan la'asar, ƙarfe ya huce. Amma ba gindin darbejiya ba, inda kashin tsuntsu da 'ya'yan itace ke zuba. A dangwali kakin kaɗan da soso, a shafa siriri, ƙofa ɗaya a gama da ita kafin a koma ta gaba. Mai yawa ba ya ƙara kariya, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. Bayan 'yan mintuna zai yi fari-fari. Ja yatsa a kai: in wurin ya fito fes, ya isa gogewa da tawul mai laushi, in ya yi maiƙo, a ƙara jira. A kiyaye baƙar robar bamba da bakin gilashi, don yana barin farin tabo mai wuyar fita.

Kamar man kaɗanya, shafa ɗaya ba ta kai mutum ƙarshen hunturu. A zafinmu da ƙurarmu, wata biyu ya yi ƙoƙari. Wanda ba shi da sukunin maimaitawa gara ya sayi na haɗin sinadari, ya fi daɗewa, ko da yake a idona bai kai carnauba zurfin sheƙi ba, musamman a kan baƙar mota ko ja. Gane lokacin sabuntawa ba wuya: watsa ruwa a bonet, in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, da saura, in ya baje ya kwanta, ya ƙare. A Kano ya kamata a shafa a ƙarshen Oktoba kafin hazo ya sauka, a ƙara a Janairu, a sake kafin zafin bazara, sannan a yi wani a farkon Yuni don damina.