Ba kowane ƙaiƙayi ba ne "sanyi": abin da na koya a ɗakin awo a Greensboro

Cikina na da wata bakwai lokacin da abin ya fara. Watan Agusta ne, unguwarmu ta Sedgefield ta cika da motocin masu kallon gasar golf ta Wyndham, ga zafi ga gumi, sai na ɗora wa yanayi laifi. Ƙaiƙayi a gaba, farin ruwa mai kauri, daga baya kuma na taɓa na ji wani kumburi kamar ƙurji. Mako biyu ban faɗa wa kowa ba, har maigidana.

Da na gaji na tura wa Inna murya can Maraɗi. Ta ce, "Sanyi ne, 'yar nan. Ki dafa bagaruwa ki zauna ciki." Haka muke duk, abu in ya shafi gaban mace sunansa sanyi, maganinsa ɗaya. Na dafa, na zauna, wurin ya ƙara zafi.

Ranar awo ma na kusa yin shiru, domin tafintan da aka haɗa ni da shi ta waya namiji ne. Ina zan iya? Na daure na ce mace nake so. Aka nemo, kuma ban biya ko sisi ba, don haƙƙi ne a asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya.

Ungozomar ta duba, ta ɗebi ruwan a auduga aka kai gwaji. Ƙaiƙayin na ƙwayar fangas ne, wadda ke samun sarari idan sinadaran jiki sun sauya da ciki. Kumburin kuwa jijiya ce ta cika da jini saboda nauyin jariri, ta kuma sace bayan na haihu. Maganin cusawa na kwana 7 ta ba ni, ta ce kada in sha ƙwayar fulukonazol da ƙawaye ke raba wa juna, mai ciki ba ta ita ba ce.

Abin da ya girgiza ni shi ne bayanin da ya biyo baya. Ruwa mai ƙarni kamar kifi wata cuta ce daban, maganinta daban, kuma ana danganta ta da haihuwa kafin lokaci. Ƙuraje masu durar ruwa su fashe da zafi na iya zama hapis. Mai shi ana fara ba ta magani daga mako 36, idan kuma naƙuda ta zo suna nan, aiki ake yi a ciro jariri. Sai tunjere. Gyambonsa ba ya ciwo, yana warkewa da kansa, mace ta ce ai bagaruwa ta yi aiki, alhali cutar na cikin jini tana ratsawa zuwa ga ɗa. A 2022 jarirai sama da 3,700 aka haifa da ita a Amurka, a ƙididdigar hukumar CDC. Shi ya sa a jihar nan doka ce a gwada jinin mai ciki sau uku: awon farko, tsakanin mako 28 zuwa 30, da lokacin haihuwa. Allurar penisilin ke kashe shi, kuma dole a yi wa miji, in ba haka ba ya dawo.

A mako na 36 aka sake ɗibar wani gwajin, na ƙwayar GBS, wadda kusan ɗaya cikin mata huɗu masu ciki ke ɗauke da ita ba tare da wata alama ba. Ni ma ina da ita. Aka sa mini magani ta jijiya ina naƙuda a asibitin Moses Cone, 'yata ta zo lafiya, Alhamdulillahi.

Inna dai har yau ta tsaya a kan bagaruwa ce ta fara aikin. Ban ja da ita ba. Amma da ƙanwata a Maraɗi ta yi korafin ƙaiƙayi tana da ciki wata biyar, kuɗin gwaji na tura mata, na ce ta ɗauko mini hoton takardar sakamakon.