Jituwar Aikau da Aikatau a Jimlolin Kaso da Adadi na Ingilishi

Sanannen abu ne a nahawun Ingilishi cewa aikatau yana jituwa da aikau ta fuskar adadi, wato tilo da tilo, jam'i da jam'i. To amma idan aikau ya fara da kalmar kaso, kamar rabi ko sulusi ko kashi kaza cikin ɗari, ba ita ke jan ragamar aikatau ba. Sunan da ya biyo bayan *of* shi ake dubawa. Dubi waɗannan misalai:

1. *Half of the water is gone.*
2. *Half of the students are absent.*
3. *Two-thirds of the farm is flooded.*

A misali na 3, harafin *s* da ke ƙarshen *thirds* kan yaudari ɗalibi ya rubuta *are*, alhali gona ɗaya ake magana a kanta. Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin shi ma yakan ce "rabin ruwan ya ƙare", amma "rabin ɗaliban sun tafi".

Inda gizo ke saƙa shi ne sunayen da harsunan biyu ba su ɗauke su ɗaya ba. Bahaushe na cewa "kayan sun iso", kuma a wurinsa "kuɗin sun ƙare" da "kuɗin ya ƙare" duk daidai ne. Ingilishi kuwa ya ɗauki *luggage* da *furniture* da *money* a matsayin sunayen da ba a ƙirgawa, don haka tilo suke a kullum: *Most of the luggage has arrived.* Ɗalibin da ya rubuta *have* a nan bai jahilci ƙa'idar kaso ba, adadin sunan Hausa ne ya ɗora wa na Ingilishi. Wajibi ne malami ya bambance waɗannan kurakurai biyu kafin ya ɗauki jan biro, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Sai kuma *a number of*, wadda ke nufin "da dama", tana ɗaukar jam'i, yayin da *the number of* ke ɗaukar tilo, saboda adadin kansa ake nufi. Haka nan awon nisa ko lokaci ko kuɗi, idan an dube shi a dunƙule, tilo ne: *Ten kilometres is a long walk.* Dangane da sunayen gungu irin su *staff* da *committee*, Ingilishin Birtaniya ya yarda da tilo ko jam'i gwargwadon ma'ana, na Amurka kuwa ya fi karkata ga tilo.