Baikon Godiya a Sababbin Majami'u na Arewacin Gana

Da kaka ta yi, ƙananan ikilisiyoyin ƙasar Salaga da Yendi da Bawku sukan ware Lahadi guda don baikon godiya. Sabuwar majami'a sau da yawa ajin firamare ne na aro, ko inuwar mangwaro da 'yan bencina. A ranar za a ga mata ɗauke da kwanonin gero da gyaɗa a ka, maza na jera doya a gaban fasto, ga zabi an ɗaure musu ƙafafu suna fuffuka a gefe. A wajen Bawku kuma da wuya a rasa albasa. Bayan waƙa da kiɗa, mutane kan tashi ɗaya bayan ɗaya su ba da shaida: wannan ta sauka lafiya, wancan ɗansa ya warke daga zazzaɓi. Daga nan sai dattawa su yi gwanjon kayan, kuɗin ya tafi ga siminti, kwanon rufi da abincin mai bishara. A ganina, wannan ce ranar da sabuwar ikilisiya take daina zaman baƙunta ta zama ta 'yan gida, don haka bai kamata a ɗauke ta a matsayin hanyar tara kuɗi kawai ba.

Tarihin wurin ya goyi bayan haka. A 1877 fasto Theophilus Opoku na mishan ɗin Basel ya kai ziyara Salaga, lokacin da fataken Hausa suka san garin da cinikin goro, ya koma kudu ba tare da an kafa ikilisiya ba. A 1913 mishan ɗin ya buɗe tasha a Yendi, wadda take hannun Jamus a lokacin, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa aka kori ma'aikatan a 1916, aikin ya tsaya cik, domin kuɗinsa da mutanensa duk daga ƙetare suke. Sai a 1931 Lloyd da Margaret Shirer na Assemblies of God suka shigo Yendi daga ƙasar Mosi, aikin ya kai Bawku a 1937. Abin da ya ɗore tun daga lokacin ya ɗore ne inda manoman wurin suka ɗauki nauyin majami'arsu da amfanin gonarsu. Kuma ba koya musu godiyar kaka aka yi ba. Kusasawa suna da bikin Samanpiid na gode wa Allah bayan girbi, maƙwabtansu Musulmi kuma suna fitar da zakkar hatsi. Mutumin da ya taso a cikin wannan ba ya yarda cewa "na gode" ta baki kaɗai ta wadatar.

Akwai masu cewa zalunci ne a sa talaka ya ba da hatsi a ƙasar da damina ɗaya ce tak, inda rumbuna kan ƙare kafin sabon amfani ya nuna. Wannan magana tana da nauyi. Amma al'adar da kanta ta yi la'akari da hakan: da kaka ake yi, kuma abin da ke hannu ake kawowa, ko da tiyar wake ce daga gwauruwa. Inda abin yake lalacewa shi ne wajen gwanjo, idan aka fara shelar sunan mai kuɗi da adadin sidin da ya zuba, har mai ƙwai biyar ta ji kunyar fitowa. Ya kamata dattawa su hana wannan, su kuma ajiye wani kaso na hatsin domin mabukatan cikinsu idan yunwar bazara ta kawo jiki.

Wasu kuma kan tambaya: me za a gode wa a taron da bai kai mutum talatin ba bayan shekaru? Mai wannan tambaya yawan kawuna yake ƙirgawa, alhali masu baikon abin da suka tsallake suke tunawa. Yaƙin 1994 tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagomba da Gonja ya ƙone ƙauyuka da yawa a kewayen Yendi da Salaga, ya warwatsa iyalai. A Bawku rikicin sarauta tsakanin Kusasawa da Mamprusi ya sha jawo dokar hana fita, wadda ke hana taron addu'ar dare. A irin wannan ƙasa, a ce mutanen ƙabilu biyu sun zauna a benci ɗaya sun yi shekara lafiya, alheri ne babba daga Allah. Haka nan a garin da Musulmi suka fi yawa, sau da yawa filin da za a aza harsashin majami'ar sarkin gari ne yake bayarwa, kuma ya dace shi ma godiyar ranar ta kai ƙofar fadarsa.