Me Ya Sa Jarirai Ke Kuka Idan Jirgin Sama Zai Sauka?

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama tare da masu goyo, ko daga Kano zuwa Legas ko zuwa Jidda, zai lura da wani abu: jaririn da ya yi lamo tun daga tashi, da zarar jirgi ya fara gangarowa sai ya ɓarke da kuka. Wasu iyaye kan ɗauka tsoro ne ko rigima. A gaskiya ciwon kunne ne, kuma kimiyya ta san dalilinsa da maganinsa.

Iska tana da nauyi

Iskar da ke kewaye da mu tana danna jikinmu ta kowace fuska. Wannan shi ake kira matsin iska, kuma yana raguwa yayin da mutum ke ƙara yin sama. Manyan jiragen fasinja kan yi tafiya a tsayin kilomita 10 zuwa 12, inda iska ta yi ƙarancin da mutum ba zai rayu ba. Saboda haka ake cusa iska cikin jirgin, har matsinta ya yi daidai da na kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Don kwatantawa, birnin Jos yana kan kimanin mita 1,200 ne daga doron teku.

A shekarar 1662 masani Robert Boyle ya nuna cewa idan matsi ya ragu, iska takan buɗe ta ƙara cin wuri, idan kuma ya ƙaru takan tsuke. Ɗalibi zai iya ganin haka da idonsa. Idan ya shanye ruwan gorar roba jirgi na sama, ya rufe ta tam, zai tarar ta lotse bayan an sauka.

Abin da ke faruwa cikin kunne

Bayan dodon kunne akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki cike da iska, wato kunnen tsakiya. Hanya ɗaya ce iska ke shiga da fita wannan ɗaki: wani siririn bututu da ya haɗa shi da bayan hanci. Ana kiran sa bututun Eustachi, da sunan wani masanin jikin ɗan Adam ɗan ƙasar Italiya da ya bayyana shi a ƙarni na 16. Galibi a rufe yake, sai mutum ya yi haɗiya ko hamma tsokokin maƙogwaro su buɗe shi.

Idan jirgi na hawa, iskar kunnen tsakiya takan buɗe, ta tura bututun ta fice da kanta. Wahalar tana wajen sauka. A lokacin matsin cikin jirgi na ƙaruwa, yana tura dodon kunne ciki, kuma iska ba za ta shiga ta daidaita shi ba sai an buɗe bututun. Babba da ya ji kunnensa ya toshe zai yi haɗiya ko hamma da gangan. Jariri bai san wannan dabara ba. Bugu da ƙari, tsawon bututun babba ya kai kimanin milimita 35, kuma a karkace yake, na jariri kuwa bai wuce rabin haka ba, ga shi kusan a kwance, majina na saurin toshe shi. Shi ya sa yaro mai mura ya fi shan wuya. Idan matsin ya tsananta, ruwa kan taru a bayan dodon kunne, har ma yakan fashe, ko da yake ba kasafai ba.

Abin da ya kamata iyaye su yi

Maganin shi ne haɗiya. Jirgi kan fara gangarowa kimanin minti 30 kafin ya taɓa ƙasa, to a nan ne ya dace uwa ta ba jariri nono ko bulumboti, ba sai ya fara kuka ba. Idan barci yake yi a tashe shi, domin mai barci ba ya yawan haɗiya. Yaron da ya tasa a ba shi ruwa yana kurɓa kaɗan-kaɗan, ko cingam idan ya iya taunawa. Kada a ba ƙaramin yaro alewa mai tauri, don gudun shaƙewa, kada kuma a ɗura masa maganin sa barci. Idan duk da haka ya yi kuka, a yi haƙuri da shi, domin kukan kansa yana taimakawa wajen buɗe bututun.

Yaran da ke buƙatar ganin likita

Raguwar matsi tana da wata illa. Kashi 21 cikin ɗari na iska oksijin ne, amma abin da ke isa jini a cikin jirgi ya yi daidai da shaƙar iska mai kashi 15 a doron teku. Lafiyayyen yaro ba zai damu ba. Amma bakwaini, da jaririn da bai cika mako guda ba, da mai ciwon zuciya ko huhu, da mai ciwon sikila, wanda ya yawaita a ƙasarmu, dole a nemi shawarar likita kafin a yi tafiya da su. A jikin mai sikila, ƙarancin oksijin da ƙishirwa na iya lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini su toshe hanyoyin jini, ga shi kuwa iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai. Haka nan yaro mai ciwon kunne ko mura mai tsanani, gara a duba shi tukuna. Idan kuma bayan an sauka ciwon kunne ya kwana bai lafa ba, ko aka ga ruwa ko jini na fita, a garzaya asibiti.

Kammalawa

Malaman kimiyya za su iya amfani da wannan misali wajen haɗa darasin matsin iska da na sassan kunne a aji guda. Ɗalibin da ya fahimce shi kuwa, ranar da ya raka yayarsa ko mahaifiyarsa filin jirgi, zai iya gaya mata lokacin da ya fi dacewa ta shayar da goyonta.