Ma'aikata Da Yawa, Littafi Ɗaya: Ƙwaƙwalwar Tarayya a Uwar Garke

Manhajar Nginx, wadda Igor Sysoev ɗan Rasha ya fitar a 2004, ba da hannu ɗaya take tarbar masu buɗe shafin intanet ba. Tana tayar da ma'aikata da dama a cikin kwamfuta guda, kowanne da nasa sashen ƙwaƙwalwa, ba mai leƙa na wani. Da gangan aka yi hakan: in ɗaya ya faɗi, sauran na nan tsaye.

Amma rabuwar na da nata cikas. A ce mai shafi ya ƙayyade wa kowane baƙo buƙata goma a daƙiƙa, don maganin masu ambaliyar saƙo. In ma'aikata takwas ne, kowa na ƙirga tasa, mai ɓarna na iya zura tamanin ba a ankara ba. Kamar yaran shago ne kowa da littafin bashinsa: mai cin bashi sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya sa babban ma'aikacin da ke tayar da sauran kan keɓe wani yanki na ƙwaƙwalwa tun kafin ya tayar da su, kowa ya riƙa karantawa da rubutawa a ciki. Wurin bai da yawa, amma yana ɗaukar kaya: megabait ɗaya na riƙe bayanan zaman sirri na baƙi kusan 4,000. Harshen PHP ma, tun fitowar 5.5 a 2013, yana ajiye umarnin da ya riga ya sarrafa a irin wannan yanki ta hanyar OPcache, don kada a maimaita aiki.

Inda gizo ke saƙa shi ne rubutu. Biyu su karanta tara a lokaci guda, kowa ya ƙara ɗaya ya rubuta goma, an yi asarar ƙirga ɗaya ke nan, kuma ba alamar kuskure. Dole a sa makulli, ɗaya ya shiga sauran su jira. Makullin ya daɗe a hannu, saurin da ake nema ya tafi. A ganina ƙananan abubuwa ne suka dace da wurin, irin su ƙirga da alamomi.

Kuma dabarar ba ta tsallake kwamfuta guda. Da shafi ya bunƙasa ya bazu kan injuna da yawa, sai a koma ga manhajar ajiya irin Memcached, wadda Brad Fitzpatrick ya rubuta wa LiveJournal a 2003, ko Redis, a haƙura da jinkirin aika tambaya ta layi.